Ragon Malam Ni-na-haƙa

Duk wanda ya sha ruwa a ƙasar Gumel a shekarun nan, ya goge baki ya tashi bai sa wa Malam Gudaji albarka ba, to ya ci amanar maƙogwaronsa. Bawan Allah ne da aka yi wa baiwar da ba a yi wa kowa ba, tun daga Gagarawa har bakin iyaka. Yana zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ruwa na ɓuɓɓugowa a garuruwan da ko hanyarsu bai sani ba. A takardar ɗaukar aiki an rubuta cewa akawu ne a wani ɗan ofishi da ake kai takardun neman rijiya. To amma me takarda ta sani? Shi da ya fi kowa sanin darajar kansa, sai ya kira mai fenti ya rubuta masa a ƙofa: Babban Jami'in Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa. Ƙofar ba ta da faɗi, sai da rubutun ya gangara jikin bango.

Ka gan shi da safe ya doso ofis a kan babur, riga na kaɗawa, hula ta karkace daidai gwargwadon muƙami. In ya sauka ba ya gaida kowa sai ya duba agogo tukuna, ko da yake agogon ya daina aiki tun ana kashe fam da sule. Biro uku ne jere a aljihun gabansa. Shuɗi na sa hannu, ja na ƙin sa hannu. Na ukun baƙi ne mai bakin zinariya, ba a taɓa ganin ya zaro shi ba, ana dai jin kwarjininsa daga nesa. Kafin ya ce maka sannu sai ya yi gyaran murya sau uku, don kada sannun ta fito ba shiri.

Abokan aikinsa, da yake masu ganin girman na gaba ne, suka naɗa masa sarautar Ni-na-haƙa. Dalili kuwa, ba a hira da shi ta kai tsawon shan shayi bai kawo zancen rijiyar Tudun Gwanki ba. Ana maganar tsadar gero, zai ce ai shi ya sa da ya tashi haƙa rijiyar Tudun Gwanki ya yi tunanin manoma. An je ta'aziyya, zai tuna wa masu makoki cewa marigayin ya taɓa shan ruwan rijiyar da ya haƙa. Da sunan ya iso kunnensa bai ji haushi ba ko kaɗan. Cewa ya yi, ashe dai akwai sauran masu adalci a ofishin nan.

Ga yadda ya haƙa ta, don kada tarihi ya ɓace.

Tudun Gwanki ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, inda ruwa ke da nisa, sai an yi gaba arba'in a ƙasa kafin a ji danshi. Shekarar babban fari, saba'in da uku, tsohuwar rijiyarsu ta ƙafe ta kuma rufta. Mata suka koma tafiya wani gari, su fita da sassafe su dawo rana tsaka da tulu ɗaya. Mai garin, wani dattijo da ake ce wa Ɗantsoho, ya sa aka rubuta takardar neman siminti da rodi, ya kawo ta Gumel da ƙafarsa, ya durƙusa ya miƙa wa Malam Gudaji da hannu biyu. An yi rashin sa'a ranar teburin malam na rawa, ƙafa ɗaya ta gaza 'yan'uwanta. Dattijo na juya baya, malam ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a ƙarƙashin ƙafar. Tebur ya tsaya cak. Wata goma sha ɗaya takardar nan tana wannan aikin gwamnati, ko rana ɗaya ba ta yi fashi ba.

Sai da malam ya tafi hutun shekara, wanda ya riƙe masa ofis ya ja teburin kusa da taga don ya sha iska, ya tsinci takardar, ya warware ta, ya sa hannu ya tura gaba. Kafin malam ya dawo an kai siminti da rodi, shi kuma mai riƙon an yi masa canjin wurin aiki zuwa can nesa, ya tafi da sirrin a cikinsa. Haƙa kuwa mutanen gari ne suka yi da hannunsu, a ƙarƙashin Haladu, wani ramammen mahaƙi marar magana, wanda ya yi wata bakwai yana shiga rami da safe yana fitowa da yamma, bai karɓi ko ƙwayar gero ba. Ranar buɗewa Malam Gudaji ya iso cikin babbar riga, ya yi jawabin awa ɗaya da rabi, aka miƙa masa gugan farko. Haladu na can bayan taro yana ƙwaƙule laka daga kunnensa.

Mutanen Tudun Gwanki ba butulai ba ne. A saninsu hannun da suka miƙa wa takarda shi ne hannun da ya ba su ruwa. Suka haɗa kai suka sayo ɗan rago Uda a kasuwar Maigatari, gabansa baƙi bayansa fari, suka damƙa shi a hannun Kande, wata tsohuwa da duk yankin aka sallama mata wajen turka rago. Aka ce ta yi masa kiwon shekara guda, jajiberen babbar salla a kai wa Malam Gudaji godiya. An yi abin a asirce, irin asirin ƙauye, wato kafin mako ya zagayo labari ya kai Gumel.

Daga nan kishin aiki ya taso wa malam. Ya ga bai kamata a bar rijiya sabuwa ba a duba lafiyarta ba. Duk sati biyu sai ya ɗaure wando ya hau babur ya nufi Tudun Gwanki. Ya leƙa rijiya, ya ce madalla, sai ƙafarsa ta kai shi gidan Kande don gaida tsohuwa. Gaisuwar ba ta wuce kalma biyu, sauran lokacin a gindin turke yake ƙarewa. Ya tattaɓa gadon bayan rago, ya daddanna ƙirji, ya ɗaga wutsiya ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya ja da baya ya karkata kai, ya ce, "Iya, wannan na waye? Kai, mai shi ya dace. A ƙara masa kanwa a dusa, harawar kuma a riƙa ba shi ta wake." Kande takan ce to, ta bi shi da ido har ya fita.

Rago ya yi ta cika yana batsewa, har ya kai in ya kwanta sai ya yi shawara kafin ya tashi. Malam ma ya yi ta cika tare da shi.

A gida kuwa akwai wani tsohon miki. Matarsa Lauratu 'yar Gagarawa ce, yayanta Rufa'i babban ɗan kasuwar hatsi ne mai bakin tsiya. Shekara tara ke nan Malam Gudaji na layya da ɗan bunsuru, shekara tara Rufa'i na aiko da tambaya ko an samu abin da ya rage bayan an cire ƙaho da gemu. Bana malam ya rantse sai ya rufe bakin nan. Ya sayar da bunsurun da yake kiwo tun da wuri, don kada ya ɓata wa babban baƙo wuri. Ya sa aka kafa turke mai kaurin cinya, ba a cikin gida ba, a ƙofar gida, inda duk mai wucewa masallaci zai gani. Ya yi masa rumfar zana sabuwa fil. Sannan ya umarci Lauratu ta aika Gagarawa, yayanta da matansa da duk mai haƙori su zo salla Gumel.

Lauratu ta ce, "Malam, da an bari ya shigo gida tukuna."

Ya yi gyaran murya sau uku, ya ce mata harkar manya ba a yinta da ɗar-ɗar.

Ana nan, bayan damina ta saba'in da biyar, lokacin da soja ke sharar ma'aikata, kullum rediyo na karanto sunayen waɗanda aka sallama nan take, sai ga wata takarda daga sama. Sakatare, Malam Abdulrauf, ya tara ma'aikata ya karanta musu. Ya ce cin hanci dai kowa ya san hukuncinsa, abin da wannan takarda ta zo da shi shi ne na bayan aiki. Ma'aikaci ya yi wa mutum aiki, ko da bisa gaskiya ya yi, ko da ba su ƙulla komai ba tun farko, ba shi da ikon karɓar wani abu daga baya da sunan godiya. Wai don wanda aka saka wa jiya, gobe hannun mai shigowa zai riƙa kallo, ba takardarsa ba. Mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga uku. Ya ƙara da cewa ana neman wanda zai hau Landiroba ya zaga kasuwanni ya bayyana wa jama'a da lasifika.

Duk dogon bayanin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Malam Gudaji, ita ce lasifika. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana jawabi da maƙogwaro zalla, yau ga ƙarfe zai taya shi. Kafin sakatare ya rufe baki ya miƙe tsaye. A zuciyarsa kuwa doka ta ɓarayi ce, shi ina ruwansa.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ta cika maƙil, raƙuma da shanu da buhunan kanwa, mutanen tsallaken iyaka sun sauko da rawunansu. Malam ya hau kan Landiroba, ya hura lasifika sau uku, har wani jaki ya tsinke igiya. Ya ce:

"Jama'ar Maigatari, da baƙinmu na Damagaram, da duk wanda kunnensa ke aiki. Mai magana da ku ba baƙo ba ne. Wanda bai san fuskata ba ya san ɗanɗanon ruwana. Gwamnati ta duba gabas ta duba yamma tana neman mai tsabtar hannu da zai isar muku da wannan doka, to ga inda idonta ya tsaya. Daga yau, ma'aikaci ya yi maka aiki, ka ce masa an gode ka kama gabanka. Ba goro, ba zabo, ba 'yar gaisuwa. Mutanen tsallake, abin da kuke kira kado, a nan sunansa gidan yari. Kada wani ya ce ai aikin ya wuce tun bara, godiya ce kawai. Godiyar ce aka hana. Mai bayarwa da mai karɓa, ankwa ɗaya za a sa musu."

Kasuwa ta ɗauki tafi. Wannan tafi shi ya kashe shi. Takardar hannunsa ta ƙare a nan, amma wa zai sauka ana tafa masa? Ya ninke ta ya sa aljihu, ya ci gaba da ka.

"Na san dabarunku, na kuma san na 'yan'uwana ma'aikata. Wani zai ce kada a ba ni, a ba matata. To matarsa da aljihunsa abu ɗaya ne. Wani zai ce a ajiye mini sai na bar aiki. Ko yana dogara sanda doka za ta bi shi. Wani kuma, don tsabar wayo, zai ce a saki dabbar a ƙofar gidana, in ta shiga da ƙafarta ai ba kyauta ba ce. To dabba ta shiga da ƙafa huɗu, shi kuma ya fito da ƙafa biyu zuwa gaban alƙali. Ni Gudaji na faɗa, a rubuta. Akwai wanda bai gane ba?"

Wani dattijo a sahun gaba, da dammin harawar wake a ka, ya ɗaga murya ya ce, "Mun gane sarai, ranka ya daɗe. Allah Ya saka da alheri da ka faɗa mana da wuri."

Malam ya sunkuyo ya duba. Ɗantsoho ne, ya zo sayen abincin rago.

Direban Landiroba ya ba da labari daga baya cewa tun daga Maigatari har Gumel babban jami'i bai ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ofishin.

Washegari rijiyar Tudun Gwanki ta samu dubawar gaggawa. Malam ya ja Ɗantsoho gefe, gindin wata aduwa, ya fara kewaye-kewaye. Ya ce ita doka kamar riga ce, akwai inda take da ɗan sauƙi a hammata. Misali, in mutanen gari suka ga dama suka yi wa wata baiwar Allah 'yar Gagarawa alheri, ai ba ita ke aikin gwamnati ba.

Shi Ɗantsoho, har ya tsufa ba a taɓa gane ko wauta ke damunsa ko wayo ba. Abin da aka sani shi ne kansa kamar rikoda yake. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Matarsa da aljihunsa abu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Haka ka ce."

Malam ya sake dabara. Ya ce to, dabba ai ba ta da hankali, tana iya tsinke igiya ta bi hanya.

"Ta shiga da ƙafa huɗu, ka fito da ƙafa biyu. Wallahi ba za mu yi maka haka ba. Mutumin da ya ba mu ruwa, mu kai shi gaban alƙali? Ga ni kuma da tsufana, ankwa ɗaya da kai."

Malam bai ko kawo zancen barin aiki ba, ya san amsar tana nan a ajiye da sandarta. Ya tsaya yana kallon katangar gidan Kande, inda ake jiyo rago na tauna a natse. Ɗantsoho ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Abin baƙin cikin, ranka ya daɗe, da ya zamana kai ka yi mana aikin. Da a ce ba ka da hannu a rijiyar nan, ai da kyauta ce tsakanin Musulmi da Musulmi, babu ruwan gwamnati. To amma duniya ta shaida kai ka haƙa."

Wannan magana ta bi malam har Gumel, ta zauna masa a ƙirji kwana uku. Ya leƙa kasuwar dabbobi ko zai samu na rufin asiri, ya tarar bayan fari rago ya zama sai wane da wane, albashi kuma ya riga ya tafi a rumfa da sabuwar riga da shinkafar baƙi. Dillalai ma ba su bari ya taya ba, cewa suke, haba Malam, kai da ke jiran Uda, me za ka yi da waɗannan ƙwarangwal? Ana sauran kwana biyu salla motar Gagarawa ta sauke Rufa'i da matansa biyu da 'ya'ya da tabarmi. Rufa'i ya zo da wuƙarsa ta fiɗa, ya wasa ta tun daga gida. Ya zaga turken nan sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɗaga kai ya dubi rumfa, ya ce, "Turke kam ya yi."

Malam ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ya dafa tebur, tebur ya yi rawa. Ya ɗora suna a hannun dama, rago a hannun hagu. Sunan nan shi ne abin da ya mallaka a duniya, ya fi son sa da babur. To amma suna ba a soya shi, ba a kuma ɗaure shi a turke a nuna wa Rufa'i. Can dabara ta faɗo masa, irin wadda sai manyan ma'aikata. Tudun Gwanki ƙauye ne, mutum nawa za su ji? Ya je can ya ce ba shi ya haƙa rijiyar ba, ya kamo rago, bayan salla ya ci gaba da haƙa ta a Gumel.

Ranar jajibere da hantsi ya isa, da igiya sabuwa a ɗaure a bayan babur, da fayil a hammata. Ya tarar da gari duk a bakin rijiya. Ana yasar rijiyar ne saboda salla, Haladu na can ƙasa yana cika guga da laka, maza na ja, mata na zaune a kan tulunansu suna jira. Malam ya so a ce taron bai kai haka ba, amma da ya ga idanu sun juyo kansa, sai tsohuwar cutar ta motsa. Ya hau kan kwamin shayar da dabbobi, ya yi gyaran murya sau uku.

"Jama'ar Tudun Gwanki, tarihi zai rubuta cewa ba a taɓa samun ma'aikacin da ya wanke kansa kamar yadda zan wanke kaina yau ba. Kun daɗe kuna zargina da haƙa wannan rijiya. Na haƙura da zargin saboda kawaici. Yau ina shaida muku, ba ni da hannu a cikinta. Ban haƙa ba, ban sa an haƙa ba. Tsakanina da ku babu aiki, sai zumunci."

Mata suka dubi juna. Wata ta ce, "Allah Sarki, ji tawali'u." Maza suka girgiza kai, suka ce mutumin kirki ke nan, ya yi abu ya ce bai yi ba. Ɗantsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, mun san halinka na kunya. Amma gwamnati ba za ta karɓi wannan ba, ni da hannuna na ba ka takarda."

Gumi ya karyo wa malam. Kusan shekara biyu yana gina maganar nan, ashe ya gina ta da siminti. Ya ga in bai kawo hujja ba rago ya tafi. Ya buɗe fayil ya zaro takardar, wadda aka dawo da ita ofis bayan an gama aiki, ya ɗaga ta sama yana juyawa don kowa ya gani.

"Ga takardarku. Ku dubi ninkin nan gida huɗu. Ku dubi wannan zagayen baƙi a tsakiya, shatin ƙafar teburina ne. Wata goma sha ɗaya tana ƙarƙashinsa, ni na sa ta da hannuna, ko karanta ta ban yi ba. Ku dubi sa hannun da ke ƙasa, wanda ya iya karatu ya matso, wannan sunana ne? Ina hutu wani ya tsince ta. Wallahi tallahi, da ta ni ce, da har yau tana can. Yanzu kun yarda?"

Ya sauke hannu yana haki, fuskarsa cike da annurin wanda ya ci shari'a.

Kande ta tashi daga kan tulunta a hankali, ta kakkaɓe zane. Ta ce, "Wata goma sha ɗaya. A cikin watannin nan jakata ta mutu a hanyar ɗebo ruwa, ni na koma jakar. Har yau wuyana bai daina ciwo ba." Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba malam take kallo ba. Ta juya ga Ɗantsoho ta ce, "Mai gari, shekara guda ina hana kaina barcin rana ina dama wa ragon nan dusa, don an ce na wanda ya ba mu ruwa ne. To ga shi an ce ba wannan ba ne. Wane ne?"

Kawuna dai suka juya gaba ɗaya suka leƙa cikin rijiya.

Aka ja igiya, aka ja, sai ga Haladu ya fito, laka tun daga gira har ɗan yatsa, yana ƙifta ido saboda rana. Ya ga gari duk na kallonsa, ya ɗauka wani laifi ya yi. Kafin ya tambaya an tafi an kwanto rago, ya taho yana rangaji, ƙasa na amsawa, ya wuce ta gaban Malam Gudaji har jelarsa ta shafi babbar riga.

Ɗantsoho ya riƙe igiyar, ya matso gindin kwami cikin girmamawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne masanin dokar nan, kada mu yi kuskure. Haladu ma'aikacin gwamnati ne?"

Malam ya ce a'a, da wata 'yar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

"To doka ta hana a ba shi?"

A nan ne fa za ka san babban ma'aikaci. An tambaye shi fatawa a gaban jama'a, kuma bai taɓa barin fatawa ta wuce shi ba. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya sau uku, ya ce, "Bisa fahimtata ga sashen da ya dace, ba ta hana ba."

Aka damƙa wa Haladu igiya. Ya dubi rago, ya dubi jama'a, sai hawaye suka yi masa hanya biyu a cikin laka. Malam ya sauko daga kan kwami ba mai riƙe masa fayil. Ya tada babur, sabuwar igiyarsa na reto a baya. Ya manta kuma jajiberen salla ne, rabin matasan garin da ke aiki a Gumel da Maigatari sun dawo gida, duk suna wurin.

Ranar salla aka sauko daga idi, unguwa ta ɗauki ƙaurin babbaka. A ƙofar gidan babban jami'i, Rufa'i da iyalansa na jere a tabarma suna fuskantar turke. Lauratu ta leƙo ta ga turke ba komai a jikinsa. Ta shiga ta kamo zakaranta, ta fito ta ɗaure shi a turken da sabuwar igiyar, ta ce kada rumfa ta yi asara. Rufa'i ya dubi zakara, ya dubi wuƙarsa, ya mayar da ita kube. Ya ce shekara tara yana raina bunsuru, Allah Ya yafe masa.

Washegari da la'asar, lokacin rabon nama, sai ga Ɗantsoho a kan jaki, da ƙwarya rufe da faifai. Ya sauka ya durƙusa a gaban surukai da maƙwabta, ya buɗe. Cinya ce guda, kitse na ƙyalli. Ya ce, "Haladu ne ya ce a kawo, daga kason da ake fitar wa waɗanda Allah bai hore wa layya ba. Ka ci da kwanciyar hankali, ranka ya daɗe, ko sakatare ya gani babu komai. Gari guda muna shaida ba ka taɓa yi mana komai ba."

Lauratu ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, a ba shi tukwici mana."

Malam ya laluba aljihun riga, wayam. Ya laluba na wando, wayam. Idon surukai na kansa. Don kada girma ya faɗi, ya kai hannu aljihun gaba ya fizgo baƙin biron nan mai bakin zinariya, wanda ba a taɓa ganin an zaro ba, ya miƙa. Murfi ne kawai, babu biro a ciki. Ɗantsoho ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi, ya leƙa cikin ramin, ya yi godiya ya hau jakinsa.

Naman dai an ci, kuma an ce malam ya fi kowa yawan loma. Da aka koma aiki ya tarar labari ya riga shi zuwa ofis, har ya zauna a kujerarsa. Tun daga ranar, daga Gumel har Maigatari, ba a sake kiransa Ni-na-haƙa ba. Malam Ba-ni-ba-ne ake ce masa, yara da manya, har direban Landiroba. Wannan ramin kam babu mai ja da shi, shi ya haƙa.